Ɗinkin da Ƙafa Ba Ta Ji

Kwanakin baya na je wani biki. Rawa ta yi daɗi, ƙawayen amarya sun cika fili, har wata gwaggo da ta zo da niyyar zama ta miƙa wa maƙwabciyarta jaka ta shiga. Ana cikin haka DJ ya datse waƙar a tsakiya, ya yi shiru na kamar daƙiƙa uku yana lalube a kwamfuta, sannan ya sako wata mai gudu fiye da ta farko. Ƙafafu suka rikice. Wasu suka tsaya suna kallon juna, gwaggo ta koma kujerarta, filin kuma bai sake cika ba har aka tashi. Waƙar da ya sako ba ta da laifi. Wurin haɗin ne ya ɓaci.

A kan wannan ɗan wurin haɗi, 'yan daƙiƙun da ke tsakanin waƙa da waƙa, sana'a guda sukutum ta tsiro a birnin New York shekara hamsin da 'yan kai da suka wuce, kuma ita ce ta raini kiɗan da ake kira disko. Mu nan in an ce disko, abin da ke faɗo wa da yawanmu a rai shi ne Mithun Chakraborty cikin kaya masu ƙyalli a fim ɗin Indiya na 1982, Disco Dancer, da fitilu masu walwali. Wannan duk ado ne da ya zo daga baya. Tushen abin wani mutum ne tsaye a lungun gidan rawa, garmaho biyu a gabansa, kunne ɗaya rufe da abin sauraro, ɗayan a buɗe yana jin ɗaki. Aikinsa ya fitar da mutane daga cikin wata waƙa ya shigar da su wata ba tare da sun san sun ƙetare ƙofa ba.

Sai mu fara daga ganga. A Philadelphia akwai wani makaɗi, Earl Young, wanda ke cikin makaɗan situdiyon Sigma Sound. A waƙar “The Love I Lost” ta Harold Melvin da ƙungiyarsa, wadda ta fito a 1973, ya riƙa taka babbar gangar ƙafa a kan kowane bugu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba tsallake, ba kwana. Tsakanin bugu da bugu kuma yana buɗe farantan tagullan nan biyu su yi “tsss” ya rufe. Masu abin suna kiran wannan salo “huɗu a ƙasa”. Ga mai rawa, ko bai iya ba, ƙafarsa ta sami wurin sauka. Ga DJ kuwa ya zama ma'auni, domin ko lasifika na girgiza bango, yana iya tsinto wannan bugu da wannan “tsss” a cikin abin sauraronsa. Yawancin waƙoƙin disko suna tafiya a kusa da bugu 120 a minti, wato biyu a kowace daƙiƙa.

Ga inda wahalar take. A ce waƙar da ke tashi a ɗaki tana bugu 120 a minti, wadda kake son shigarwa tana 122. A takarda bambancin ba komai ba ne. Amma ka sake su tare, cikin daƙiƙa 30 ta biyun ta tsere wa ta farko da bugu guda cur. Kafin a kai daƙiƙa 8 ma ta riga ta goce da rubu'in bugu, kuma kunnen kowa zai ji. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi. Muddin kowace taɓarya na sauka a lokacinta, daɗin ji har ya fi dakan. Da ɗaya ta yi gaggawa kaɗan sai taɓare su fara karo. DJ-DJ na Amurka suna kiran irin wannan ɓarna da karon jirgin ƙasa, kuma babu abin kunya a sana'ar da ya kai shi.

To yaya ake kauce masa? Faifai na farko yana juyawa, ɗaki na ji. Na biyu ka ɗora masa allura, amma kai kaɗai kake jin sa a kunne ɗaya. Ka nemo bugun farko na wurin da kake son shiga, ka dafa faifan da yatsa ya tsaya cak, alhali farantin da ke ƙarƙashinsa yana ta juyawa, saboda an shimfiɗa wani ƙyalle mai santsi tsakaninsu. Kana ƙirga bugun ɗaki a zuci. Da “ɗaya” ta zo, ka saki yatsa. Yanzu ƙwaƙwalwarka ta rabu biyu, kunnen hagu na bin wata ganga, na dama na bin wata, kana tambayar kanka wacce ce ke gaba. In sabuwar ta yi sauri, ka goga yatsa a gefen faranti ka rage mata. In ta yi nawa, ka ɗan tura takardar tsakiyar faifan gaba. Sai gangunan biyu sun narke sun zama ɗaya a kanka, sannan ka fara ɗaga murfin sautin sabuwar a hankali kana sauke tsohuwar.

Mutumin da aka fi danganta wannan dabara da shi shi ne Francis Grasso, ɗan Brooklyn mai tsatson Italiya, wanda ya yi aiki a wani gidan rawa mai suna Sanctuary daga ƙarshen shekarun 1960. Ginin tsohon coci ne. Dabarar dafa faifai a sake shi a kan lokaci ma'aikatan rediyo sun san ta tun kafin shi, amma shi ya kawo ta filin rawa ya ɗora mata daidaita bugu. Kuma ya yi ne da garmahon da ba ya ba da damar ƙara gudu ko ragewa sai ɗan kaɗan, don haka dole ya haddace faifansa kamar yadda mai shago ya san inda kowane kaya yake a duhu: wanne ne ke tafiya da wanne, a ina ganga ke zama ita kaɗai. Yakan ɗora muryar da ke tsakiyar “Whole Lotta Love” ta Led Zeppelin a kan gangunan “I'm a Man” ta ƙungiyar Chicago, su tafi tare kamar dama haka aka yi su. Cikin faifan da yake ji da su har da na Babatunde Olatunji, makaɗin Najeriya da ya yi suna a Amurka da kundin Drums of Passion.

Abin da ya ƙara wa aikin wuya shi ne makaɗan wancan zamani mutane ne masu jini a jika. Mai ganga yakan fara a natse, in an kai amshi zumuɗi ya ɗebe shi ya ƙara gudu, in an dawo baiti ya lafa. Saboda haka ba a daidaitawa sau ɗaya a naɗe hannu. Duk tsawon haɗin, yatsa na kan faifai yana lallashi, tura kaɗan, ja kaɗan, kamar mai riƙe da linzamin dawaki biyu.

Kuma daidaita bugu rabin aikin ne. Waƙa tana tafiya ne a gaɓa-gaɓa, bugu 8, 16, 32, sannan wani abu ya sauya: murya ta shigo, ko goge ya tashi. In ka shigar da sabuwar waƙa a tsakiyar gaɓa, ko da bugu ya zauna daram, jiki zai ji kamar an katse wa mutum magana. Sannan ba a ɗora murya a kan murya. Sannan akwai waƙoƙin da karin sautinsu ba ya jituwa, in suka haɗu sai ka ji wani ɗaci a kunne ko ba ka san dalili ba. Duk wannan lissafi mutum yake yi a tsaye, cikin zafi da hayaniya, wani na jan rigarsa yana roƙon a saka masa waƙar da yake so.

Akwai wani gwanin da ya bi wata hanya daban, kuma ina ganin ya fi kowa fahimtar abin. David Mancuso ya fara tara mutane a ɗakinsa da ke lamba 647 a titin Broadway ranar 14 ga Fabrairu 1970, wurin da aka riƙa kira Loft. Sai da gayyata ake shiga, ba a sayar da giya, akwai abinci da balan-balan kamar bikin yara. Mancuso bai damu da haɗa bugu ba, daga baya ma ya daina haɗawa ɗungurungum, yana barin kowace waƙa ta kai ƙarshenta. Gwanintarsa tana wajen jeri: me ya kamata ya biyo bayan me, yaushe za a ɗaga mutane, yaushe za a bar su su huta ba tare da sun zauna ba, daga tsakar dare har rana ta fito. Makaɗin kalangu na gaske ma ai ƙafar mai rawa yake kallo. Masu zuwa irin waɗannan wurare yawancinsu baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka da masu neman jinsi, mutanen da manyan wuraren shaƙatawa na birnin ba su cika maraba da su ba.

Mancuso ne ya tsinto wani faifai daga Kamaru a wani shago a Brooklyn. Manu Dibango, mabushin saksofon ɗan Duwala, ya yi waƙar gasar cin kofin Afirka ta 1972 da aka buga a ƙasarsa, ya cike bayan faifan da wani kiɗa mai suna “Soul Makossa”. Bayan faifan ne ya tashi Loft. Daga nan Frankie Crocker ya saka shi a tashar WBLS, mutane suka yi ta nema babu a kasuwa, ƙungiyoyi da dama suka yi ta kwaikwayo, har kamfanin Atlantic ya sayi izinin fitar da shi. A 1973 ya kai lamba 35 a jerin Billboard. Kamfanoni suka farga cewa filin rawa yana iya ɗaga waƙa tun rediyo bai san da ita ba.

Sai dai faifan kansa bai dace da aikin ba. Ƙaramin faifai mai faɗin inci 7 an yi shi ne don rediyo, minti uku a gama. Tom Moulton, wanda a lokacin tallan tufafi yake yi, ya lura a wani gidan rawa na tsibirin Fire Island cewa daidai lokacin da jikin mutane ya fara ɗaukar waƙa, lokacin take ƙarewa. Ya koma gida ya haɗa zaren rikoda na minti 45 wanda kiɗa ba ya yankewa a cikinsa. Awa 80 aikin ya ci masa. Daga nan kamfanoni suka fara ba shi ainihin zaren situdiyo, inda kowane kayan kiɗa ke kan layinsa, yana warwarewa yana sake tufkawa: ya tsawaita gabatarwa don DJ ya sami wurin shiga, ya janye komai a tsakiya ya bar ganga da jitar bes kawai, sannan ya dawo da sauran ɗaya bayan ɗaya har abin ya cika ya tumbatsa. Abin da yara ke kira rimiks yau, nan ya soma zama sana'a. A kundin Gloria Gaynor na 1975, Never Can Say Goodbye, ya ɗinke waƙoƙi uku na fuskar farko suka zama tafiya guda ta fiye da minti 18. DJ-DJ sun yi murna da wannan, ko ba komai mutum ya sami damar zagawa bayi.

Babban faifai mai waƙa ɗaya kuwa tsautsayi ne mai amfani ya kawo shi. Moulton ya je a yanka masa faifan gwaji, injiniya José Rodríguez ya ce ƙananan sun ƙare, sai manya. Waƙa ɗaya a kan babban faifai ta zama ɗan zobe a gefe, sauran fili fayau, don haka suka bazata ta cika wurin. Da layin da allura ke bi ya sami sarari, sai sauti ya fito da ƙarfi, ganga ta yi nauyi. Wannan shi ya zama faifan inci 12. Na farko da aka sayar wa jama'a shi ne “Ten Percent” ta ƙungiyar Double Exposure a 1976, daga kamfanin Salsoul, kuma wanda ya tufka ta, Walter Gibbons, DJ ne. Gibbons ya yi suna wajen sayen faifai iri ɗaya guda biyu, yana tsalle daga wannan zuwa wancan a daidai wurin da ganguna ke kaɗai, ya mayar da abin daƙiƙa goma ya zama na mintuna. Ya miƙar da “Ten Percent” ta haura minti 9.

Ina son mai karatu ya tsaya kan yadda ake yankan nan, domin babu kwamfuta. Duk wanda rediyo ya taɓa cinye masa zaren kaset ya zauna ya gyara da reza da salatif ya ɗanɗani ɗan kaɗan. A situdiyo zaren yana gudu ne inci 15 a daƙiƙa, wato bugu ɗaya na waƙa mai 120 ya kama inci bakwai da rabi na zare. Mai yanka zai tsayar da injin, ya kama ƙwaryar zaren biyu da hannu yana murzawa gaba da baya a hankali, har ya ji gurnanin da ke nuna bakin bugun ganga. Ya yi alama da fensir mai maiƙo, ya kwantar da zaren a kan ƙarfen yanka, ya tsaga da reza, ya nemo ɗaya bakin, ya liƙa. In ya kuskure da faɗin ƙwayar shinkafa biyu, mai rawa zai ji tuntuɓe. Waƙa ɗaya tana iya cin yanka goma-goma, guntayen zare rataye a wuyansa da jikin bango, kowanne da alamarsa. Telan da ya iya ɗinki ba a ganin inda ya haɗa ƙyalle. Su ma haka, in ka ji wurin yankan, aikin bai yi ba.

A 1977 inji ya fara shigowa. A Munich ta Jamus, Giorgio Moroder da Pete Bellotte suka yi wa Donna Summer “I Feel Love”, kusan dukan kiɗan daga na'urar Moog, sai gangar ƙafa da mutum ya taka. Bugunta ba ya gocewa ko kaɗan. A shekarar ce kuma 'yan Bee Gees, da mai gangarsu ya tafi gida saboda rasuwa, suka yanko ɗan guntun ganga daga “Night Fever”, suka haɗa bakinsa da wutsiyarsa ya zama zobe yana ta zagayawa, suka gina “Stayin' Alive” a kai. Tafiyarta ta zauna a kusa da bugu 103 a minti, har masu koyar da agajin gaggawa suna amfani da ita wajen nuna saurin danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya.

Daga nan kuɗi suka shigo, kuma abin ya fara lalacewa ta inda ya bunƙasa. Gidan rawa na Studio 54 ya buɗe a Afrilun 1977, wurin da ake tantance mutane a bakin ƙofa da kyan fuska da suna, kishiyar ɗakin Mancuso. A Disamba fim ɗin Saturday Night Fever na John Travolta ya fito, kundin waƙoƙinsa ya yi mako 24 a saman jerin Billboard. (Labarin mujallar da aka gina fim ɗin a kansa, marubucinsa Nik Cohn ya amsa daga baya cewa ƙirƙira ya yi.) Kowa ya ruga. Tashoshin rediyo suka juya zuwa disko dare ɗaya, tsofaffin mawaƙa suka liƙa “huɗu a ƙasa” a ƙarƙashin tsofaffin waƙoƙinsu, har da waƙar agwagwa mai rawar disko, wadda ta riga ta kai lamba ɗaya tun 1976. Ko zuma ce aka dinga ɗura wa mutum safe da yamma, zai gundura.

Steve Dahl mai gabatar da shiri ne a Chicago wanda ya rasa aikinsa a ƙarshen 1978 lokacin da tasharsa ta koma disko. Ya sami wata tashar, ya mayar da zagin disko abin yi. Ranar 12 ga Yuli 1979, a filin wasan besbol na Comiskey Park, aka ce duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga a kan santi 98. Kimanin mutum 50,000 suka zo. Tsakanin wasa na farko da na biyu aka tara faifan a tsakiyar fili aka tayar da su da nakiya. Dubban matasa suka diro filin, suka kunna wuta, suka ɓata ciyawa, har aka soke wasa na biyu aka ba Detroit Tigers nasara. Dahl ya sha cewa shi raha yake yi, ba ƙin wani launin fata ba. Amma wani yaro baƙar fata mai suna Vince Lawrence, wanda ke aikin nuna wa mutane wurin zama a filin a daren, ya ce da yawan faifan da ya ga ana kawowa ba disko ba ne, na mawaƙa baƙar fata ne kawai. Ni dai ina ganin duka biyun sun haɗu, gundura ta gaskiya da ƙiyayya da ta sami mafaka a bayanta, ga kuma kasuwar faifai da ta riga ta fara faɗuwa a shekarar. Kamfanoni suka goge kalmar daga ƙofofin ofisoshinsu. Kyautar Grammy ta disko sau ɗaya tak aka bayar, a 1980, ga Gloria Gaynor saboda “I Will Survive”. A shekarar ce masu Studio 54 suka tafi gidan yari kan ƙin biyan haraji.

To me ya mutu? Sunan ya mutu, da kasuwar da ta rataya a kansa. Hannu bai mutu ba. “Good Times” ta ƙungiyar Chic ta hau lamba ɗaya a watan Agustan 1979, bayan fashewar Comiskey, kuma kafin shekara ta ƙare an ɗauki tafiyar jitar bes ɗinta an shimfiɗa wa “Rapper's Delight”, faifan da ya fitar da rap kasuwa. Nile Rodgers, mai jitar Chic, wanda aka daina kiran ƙungiyarsa, shi ne ya tsara wa David Bowie Let's Dance a 1983, da Madonna Like a Virgin a 1984. A 1979 ɗin dai kamfanin Technics na Japan ya fitar da garmaho SL-1200 MK2, mai maɓallin da ake ja sama ko ƙasa a ƙara gudu ko a rage har kashi 8 cikin ɗari, kayan aikin da Grasso ya yi shekaru yana aiki babu shi. A New York, DJ Larry Levan ya ci gaba da riƙe gidan rawa na Paradise Garage har 1987.

Mil kaɗan daga Comiskey, a lamba 206 titin South Jefferson, akwai wani gidan rawa mai suna Warehouse. Frankie Knuckles, abokin Levan tun ƙuruciya, ya zo daga New York a 1977 yana saka faifai a can. Da sababbin faifan disko suka daina fitowa, sai ya koma kan tsofaffin da reza, yana yanke su yana tsawaita wuraren da ya ga jama'arsa na so, waƙar da suka sani ta dawo musu sabuwa. Daga baya ya fara ajiye injin ganga, Roland TR-909, a ƙarƙashin faifan don bugun ya yi ƙarfi. Yaran unguwa da ba su da kuɗin ɗaukar masu goge da masu busa suka ga ashe injin ganga da ƙaramar na'ura sun isa. A 1984 Jesse Saunders ya fitar da “On and On”, wadda ake yawan ƙirgawa a matsayin faifan farko na kiɗan house, sunan da aka ce daga Warehouse ya samo asali. Cikin waɗanda suka rubuta ta har da Vince Lawrence, yaron nan na filin besbol. Knuckles da kansa yakan kira house ramuwar gayyar disko.

Sauran tafiyar doguwa ce, zan taƙaita. House ya ƙetare zuwa Ingila ya mamaye Turai. A Johannesburg aka rage masa gudu a farkon shekarun 1990 ya zama kwaito, daga zuriyarsa kuma amapiano ya fito, wanda yau yake tashi a bukukuwanmu. Wato DJ ɗin da ya kori gwaggo daga fili jikan Grasso ne a sana'a, ko bai taɓa jin sunansa ba.

Batun dawowar disko kuwa, kusan kowace shekara goma sai an yi shelarsa. A 2013 Daft Punk na Faransa suka kira Nile Rodgers ya kaɗa jita a “Get Lucky”, suka sa Moroder ya ba da labarin rayuwarsa a cikin kundin, kundin kuma ya ci babbar kyautar Grammy a 2014. A 2020, ana kulle a gida saboda korona, shekarar da cutar ta ɗauke Manu Dibango, Dua Lipa ta fitar da Future Nostalgia, Kylie Minogue ta sa wa nata suna Disco kai tsaye. Beyoncé ta rufe Renaissance na 2022 da waƙar da ta ari karin “I Feel Love”. Masu tonon tsofaffin faifai sun kai har Najeriya, suka farfaɗo da William Onyeabor na Enugu da “Only You” ta Steve Monite ta 1984. Birnin Chicago ma ya sa wa wani yanki na titin Jefferson sunan Frankie Knuckles a 2004, ya kuma sanya ginin Warehouse cikin wuraren tarihi a 2023.

Ina jin daɗin waɗannan waƙoƙi, amma ra'ayina shi ne launin sautin ne ya dawo, goge da jita da tafi. Tsawon bai dawo ba. Yawancinsu minti uku ne da 'yan kai, an yanka su daidai wayar hannu, ciwon da Moulton ya yi awa 80 yana magani. Daidaita bugu kuma yanzu maɓalli ɗaya ne a kwamfuta, ka danna ta jera maka gangunan. Ban ga laifin wannan ba, kamar yadda ban ga laifin keken ɗinki ba. Sai dai maɓallin bai san ƙirgen gaɓa a jikin mutane ba, bai ga cewa waɗanda ke gefen hagu sun gaji ba, bai san wace waƙa ce za ta tayar da dattijuwar da ke kujera ta uku ba. Wannan sai mai ido a kan fili.

Wanda yake so ya ji abin da kunnensa, ya nemi fuskar farko ta kundin Gloria Gaynor na 1975, ya saka daga farko, ya riƙa buga ƙafa yana ƙirga takwas-takwas, ya ga ko zai kama inda waƙar farko, “Honey Bee”, ta ƙare ta gaba ta shiga kafin ƙafarsa ta riga ta wuce wurin. Ku kuma masu biki, don Allah in kun ɗauki DJ, ku nemi wani daban ya riƙa sanar da motar da ta tare hanya.